Tambayoyin Masu Karatu: Masunci da Bindiga a Bakin Ruwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne a ƙaramar hukumar Igabi, kuma su na gada, domin shi na tarar mahaifina yana yi. Ni da ƙanena muke zuba kalli a kogin Kaduna da la'asar sakaliya, mu koma da asuba mu ɗebe, wani lokaci kuma mu haura dam ɗin Kangimi idan ruwa ya ja baya. A daminar da ta wuce wasu mutane ɗauke da bindigogi suka ritsa abokan sana'armu a bakin ruwa, suka ƙwace kifi da wayoyi, suka tafi da mutum ɗaya, sai da aka sayar da gona aka karɓo shi. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Akwai bindigar toka da mahaifinmu ya bari, akwai kuma wanda ya yi mini tayin ƙaramar bindiga ƙirar gida wadda za ta shige aljihu. Shin doka ta yarda in riƙe ɗaya daga ciki idan zan tafi ruwa, ba don farauta ba, sai don kare kaina? Idan ana bukatar lasisi, a ina ake samunsa? Idan kuma na harbi wanda ya zo ɗaukata, ni ma kama ni za a yi? Na ji malamai suna cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada.

Daga mai karatu a Igabi

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa abokin sana'arka da alherin abin da ya rasa. Tsoronka yana da tushe, domin duk mazaunin jihar nan ya san abin da mutanen Igabi da Giwa da Chikun da Birnin Gwari suka gani a 'yan shekarun nan, kuma masunci ya fi kowa zama a fili, tunda aikinsa a gefen daji yake, a lokutan da sawu ya ɗauke. Duk da haka shawarata ita ce kada ka karɓi wannan ƙaramar bindiga ko da kyauta ce, kuma kada ka sauka ruwa da ta mahaifinka. Dalilaina wasu na doka ne, wasu kuma na abin da ke faruwa a bakin ruwan ne, kuma na biyun sun fi damuna.

Sha'anin makamai a Najeriya na gwamnatin tarayya ne kaɗai, domin tsarin mulkin 1999 ya sa shi cikin abubuwan da majalisar jiha ba ta da hurumin yi musu doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko su ne waɗanda aka haramta, irin su bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu da gurneti, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙaramar bindigar hannu, fistol ko libarba, tana cikin wannan kashi duk da ƙanƙantarta. Babu mai ba da izinin riƙe ta sai shugaban ƙasa, wanda kuwa aka samu da ita babu wannan izini, hukuncinsa ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Wadda aka yi maka tayi ƙirar maƙeri ce, ba ta da lamba ba ta da rajista, babu ofishin da zai ba ta takarda, kuma ba ka san hannuwan da ta bi kafin ta iso gare ka ba. Idan an taɓa yin fashi ko kisa da ita, ranar da aka zaro ta daga aljihunka kai ne za ka amsa tambayoyin. Ka kuma tambayi kanka: mutumin da ke da hanyar samo irin wannan kaya, su wa yake sayar wa ban da kai, kuma wa zai tsegunta wa cewa ka saya?

Kashi na biyu su ne bindigogin da ake ba ɗaiɗaikun mutane, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, da bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, riƙe su babu lasisi kuwa yana iya kai mutum gidan yari har shekara 5. Dokar ta ce ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tayar da hankali cikin shekara 5 da suka gabata. Ko ka cika waɗannan sharuɗɗa duka, ba dole ba ne a ba ka, domin lasisin ba haƙƙi ba ne da za ka kai ƙara a kansa, ganin dama ne na hukuma. Bindigar nan da ake kira famfo, wadda ake ja a ɗura mata harsashi da hannu ɗaya, ba ta cikin wannan kashi, kuma a 2018 da rundunar 'yan sanda ta ba da umarnin tattara haramtattun makamai, ta lissafa ta a ciki. Kashi na uku shi ne na bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki. Ita lamarinta ya fi sauƙi, domin yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, wanda doka ta ba ikon, da yardar gwamna, ya hana riƙe ta sai da lasisi. Amma lasisi da sunan mutum ake yankar sa, ba a gadonsa kamar gona ko kwalekwale. Ko da mahaifinka yana da takarda, takardar ta bi shi.

Ƙofar samun sabon lasisi ta daɗe a ƙuntace. A watan Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'arsa su nemi bindiga su kare kansu, sai kwamishinan 'yan sandan jihar ya fito ya ce dakatarwar da aka yi wa ba da lasisi tana nan, babban hafsan tsaro na ƙasa kuma ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Saboda haka idan ka ji wani babba ya hau mumbari ya ce kowa ya tashi ya kare kansa, ka sani cewa maganarsa ba takarda ba ce da za ka nuna a shingen bincike na hanyar Zariya ko ta Maraban Jos. Wurin tambayar halin da ake ciki a yau shi ne hedikwatar 'yan sanda ta jiha, kuma kada ka ba dillali ko kwabo da sunan zai fito maka da lasisi ta bayan gida.

Sai tambayarka ta uku, wadda ta fi nauyi. Doka ta amince da kare kai. Sashe na 33 na tsarin mulki, wanda ya tabbatar da 'yancin rayuwa, shi ne kuma ya ce ba a ɗaukar kisa a matsayin tauye wannan 'yanci idan ya auku wajen kare mutum daga harin zalunci ko kare dukiya, matuƙar ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce gwargwadon bukata ba. Dokar final kod, wato dokar hukunta laifuka da ake aiki da ita a Arewa, ita ma haka ta tanada. Sai dai kotu ba ta tsayawa kan cewa an fara kawo maka hari; tana bin abin daki-daki, ta tambaya ko haɗarin yana nan a daidai lokacin da ka yi harbin, ko kana da hanyar tsira, ko ka ci gaba bayan maharin ya juya baya. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi a jihar Adamawa, wanda ya ce an kawo masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya kashe maharin, bisa hujjar cewa bayan ya ƙwace makamin haɗarin ya kau. Mutane da yawa sun ga an matsa masa, ni ma ina cikinsu, amma shari'ar ta nuna maka yadda ma'aunin yake da tsauri. Ka ƙara da wannan: ko kotu ta wanke ka daga laifin kisa, laifin mallakar bindiga babu izini yana nan daram, shari'arsa daban ce.

Yanzu mu ajiye littafin doka mu sauka bakin ruwa, inda ka fi ni sani. Da asuba kana tsakiyar kwalekwale, hannuwanka biyu suna cikin kalli kana warware tarwaɗa da ƙarfasa, ƙanenka yana riƙe da filafili. Ina bindigar take? Tana kwance a gindin jirgi, inda ruwa ke taruwa, raɓa ta sauka a kanta tun dare. Albarushi yana shan danshi, idan kuwa ya sha, ko dai ya ƙi tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi bayan ka sauke ta kana duba abin da ya hana ta, kuma wannan jinkirin ya raba maharba da yawa da yatsu da idanu. Idan bakinta ya caki taɓo lokacin da kake hawa gaɓa, ka harba ba ka lura ba, bututun yana iya tsagewa a hannunka. Harsashin da aka harba a kwance bisa ruwa yana iya tsalle ya canja hanya, ya sami wanda ke wanki ko ban-ruwa a ɗaya gaɓar. Mu ɗauka ma duk wannan bai faru ba, ta tashi lafiya: harbi ɗaya ne, daga nan sai ka sake zuba albarushi, ka sa ƙarfe, ka danna da sanda, alhali waɗanda suka ritsa abokanka ba su zuwa su kaɗai, kuma gidan harsashi ɗaya na bindigar da suke riƙewa yana cin 30.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Ɗan bindigar da ya sami masunci da koma da gora yana ganin mai neman abinci ne, ya ƙwace abin da zai ƙwace, ko ya tafi da shi don kuɗin fansa, wanda musiba ce babba, amma ana dawowa daga gare ta kamar yadda abokinka ya dawo. Wanda ya samu da bindiga kuwa ɗan sa-kai yake ɗaukar sa, kuma kowa ya san irin gabar da ke tsakaninsu. Ita kanta bindigar abin nema ce a wurinsu, labarin cewa wane yana da ita ya isa ya kawo su ƙofar gidanka, inda matarka da 'ya'yanka suke.

Ba su kaɗai ne za su yi maka mummunar fahimta ba. Sojan da ke sintiri da duku-duku, ko 'yan bangar ƙauyen da ba su san fuskarka ba, idan suka hango mutum biyu sun fito daga cikin ciyawa ɗaya da bindiga a kafaɗa, ba lallai su tsaya tambaya ba. Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, inda a watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta da ke kan hanyar komawa Kano, bayan an ga bindigogin toka a motarsu aka yi musu kururuwar masu satar mutane. Zalunci ne tsantsa, babu abin da zai halatta shi, amma ya nuna cewa a wannan zamani ganin bindiga a hannun baƙo yana rufe wa mutane ido kafin a ji ta bakinsa.

Abin da na fi jin tsoro a kanka shi ne kai ka zama mai yin kuskuren. Mutumin da ya kwana da fargaba, ya ji motsi cikin duhu, yatsansa na kan kunama, ba ya tantance makiyayin da ya kawo shanu mashaya, ko manomin rani da ya yi sammakon tayar da injin ban-ruwa, ko yaron da aka aika duba fatsa. Harbi ɗaya irin wannan a jihar Kaduna ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. Ramuwa ce ke biyo baya, ta faɗa kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Jinin da aka zubar bisa kuskure kuwa ba ya barin mai shi barci, ko da kotu ba ta taɓa jin labarin ba.

Hadisin da ka ji ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi. Amma yana bayyana darajar wanda aka zalunta ne, bai wajabta maka sayar da ranka saboda waya da kwandon kifi ba. A wata ruwaya ta Nasa'i, da wani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, sai aka umarce shi ya fara tunatar da shi Allah, sannan ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa da shi, sannan ya nemi taimakon hukuma, faɗa ya zo a ƙarshe. Ka lura da jerin, jama'a da hukuma suna gaba da makami.

Ba na jin daɗin gaya wa talaka ya bar makami alhali waɗanda ke farautar sa suna yawo da nasu a fili. Haƙƙin gwamnati ne ta tsare bakin kogi kamar yadda take tsare manyan unguwanni, kuma duk ranar da masunci ya fara lissafin sayen bindiga daga kuɗin kifinsa, an gaza masa. Amma gazawar hukuma ba ta mayar da bindigar toka ta zama kariya ba.

Abin da ke tsare masunta a aikace shi ne yawa da labari. Ku zauna da Sarkin Ruwa ku tsara fita rukuni-rukuni, jirage da yawa a wuri ɗaya, a bar mutum ɗaya a kan tudu wanda ba ya taɓa koma a ranar, aikinsa ido da kunne kawai, a kuma cire masa kasonsa daga kamun kowa don kada ya ji an cuce shi. Ku daina ɗebe kalli a sa'a guda kullum, domin mai ba su labari lokaci yake sayarwa, kuma a wuraren da aka taɓa kai hari ku jira gari ya waye sosai ko da kifin zai ragu. Ku ƙulla zumunci da mutanen ƙauyukan gaɓa da makiyayan da kuka sani, su ne ke fara ganin sawun babura da baƙin fuska, kifi biyu da ka miƙa wa mai gona a bakin ruwa yana iya zama dalilin kiran da zai hana ka fitowa ranar da bai kamata ba. Kafin ka fita, a san a gida inda ka nufa da lokacin dawowarka. Ka ƙulle ƙaramar waya a leda, da lambar baturen 'yan sandan yankinku da ta shugaban 'yan banga da lambar gaggawa ta 112, ka bar babbar waya da kuɗin ciniki a gida. Idan duk da haka aka ritsa ku, ku bar musu kayan.

Idan ƙungiyarku ta masunta ba ta da rajista da katin shaida, ku yi, sannan ku bi ta hannun dagaci da hakimi ku nemi zama da 'yan sanda da hukumar 'yan sintiri ta jihar Kaduna, wadda ta ɗauki sababbin ma'aikata 7,000 a 2023, ku nemi a riƙa leƙa mashigan da kuke sauka a ranakun da kuka fi fita. Koken mutum ɗaya yana ɓacewa a kan tebur, na ƙungiya mai takarda da sa hannun hakimi ya fi wuyar turewa. Matasanku da ke da zuciyar tsaron gari, ta wannan ƙofa ya kamata su shiga, inda akwai horo da shugaba da wanda zai amsa idan an yi kuskure.

Ita kuwa bindigar mahaifinku, ka ɗauka a ɗure take har sai an tabbatar da akasin haka, domin tsofaffin maharba sukan jingine ta da ɗurinta, ta shekara a haka. Kada ka leƙa bakinta, kada ka gwada kunamarta, ka kira gogaggen maharbi ya duba ta, ka kulle ta inda yara ba sa kaiwa, albarushi kuma a wani wuri daban, nesa da murhu. Daga nan ka tafi ofishin 'yan sanda tare da mai unguwa, ba tare da ka ɗauke ta ba a zuwan farko, ka bayyana cewa gado ce, ka nemi a gaya maka ko za a yi mata takarda ko miƙa ta za ka yi. Idan miƙawa ce, ka karɓi shaida a rubuce mai ɗauke da kwanan wata da sunan jami'in da ya karɓa.

TAMBAYA

Ni ma'aikaci ne a cikin garin Kaduna, nakan je jefa fatsa a bakin kogi ta wajen Kabala ranar Asabar don hutawa. Masu ƙwacen waya ne damuwata. Zan iya riƙe bindigar iska, ko ta roba mai kama da ta gaske, don in tsorata su kawai?

Daga mai karatu a Unguwar Rimi

AMSA

Malam, bindigar iska tana cikin kashi na biyu da na ambata a sama, ita ma sai da lasisin Sufeto Janar, duk da ana ganin ta kamar abin harbin tsuntsu. Ta roba kuwa ta fi ta haɗari a gare ka, domin kowa zai ɗauke ta ta gaske, ɓarawo da ɗan sanda da jama'ar da za su taru, kai kaɗai ne ka san ba ta harbi. Wanda ya zo da wuƙa don ya karɓi waya ya gudu, idan ya ga ka zaro bindiga, sara zai kai maka kafin ka ɗaga hannu. Ka zauna kusa da inda masu wanki da masu lambu suke, ka tafi da aboki, ka riƙe wayar da ba za ka yi kokawa a kanta ba, kuma ka naɗe fatsarka ka hau titi kafin a kira magariba.